Daga Rumfar Yaye Zuwa Bakin Aiki: Nazarin Tsarin Koyar da Sana'a a Jihar Kano Daga Rano da Kibiya

Duk wanda ya bi tarihin koyar da sana'a a Jihar Kano tun kafuwarta a 1967 zai ga abu guda yana ta maimaita kansa. Kowace gwamnati tana iya faɗa maka cibiyoyi nawa ta gina, matasa nawa ta yaye, keken ɗinki da injin markaɗe nawa ta raba. Abin da ba kasafai ake ji a bakin kowa ba shi ne, cikin waɗanda aka yaye ɗin, mutum nawa ne ke cin abinci da sana'ar bayan shekara biyu. Ra'ayin wannan nazari shi ne rashin wannan lissafi ya samo asali ne daga yadda aka gina tsarin tun farko. Hukuma ta ɗauki koyarwa a matsayin aikinta, ta zuba mata kuɗi da gine-gine. Sauran ayyuka biyu da ke sa koyo ya zama abin yi, wato ba wa gwani shaidar da baƙo zai yarda da ita, da kuma sada mai neman aiki da mai neman ma'aikaci, ta bar su inda ta same su: a hannun maigida da dillali da ɗan'uwa.

Rano da Kibiya wuri ne mai kyau na gwada wannan magana. Maƙwabta ne a kudancin jihar, mazaɓarsu ɗaya da Bunkure a Majalisar Wakilai, kuma su ukun ne aka bar wa Masarautar Rano a dokar 2024. A ƙidayar 2006 Rano na da mutum kusan 145,000, Kibiya kuma kusan 137,000. Amma abin yinsu ya bambanta. Ruwan Tiga yana ratsa ƙasar Rano ta Ruwan Kanya kafin ya gangara gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, sannan a garin Rano akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano mai koyar da fasahar karkara da dabarun kasuwanci. Kibiya kuwa noman damina ne ƙashin bayanta. Idan tsari ɗaya ya gaza a wuraren biyu, to ba rashin ruwa ko rashin makaranta ba ne kaɗai ya kayar da shi.

Abin da hukuma ta tarar

Kafin a yi maganar cibiya, ya kamata a dubi makarantar da ta fi kowace ɗalibai, wadda ba ta cikin kasafin kuɗin kowa. A gefen tasha ko bakin kasuwa, a Rano ko Rurum ko Saya-Saya, akwai rumfar mai gyaran babur da injin ban-ruwa. Uba ne ko kawu ke kawo yaro, ya gaisa da maigida, ya ce, "Ga ɗanka nan, amana ce, a sa masa ido." Iyakar yarjejeniyar ke nan. Watannin farko shara ce da ɗebo ruwa da miƙo sifana. Yaro kan gane lamba goma da sha biyu da sha huɗu da ido tun bai san sunan abin da suke kwancewa ba. Daga nan sai wankin kayan inji da fetur a cikin yankakken galan, sai goge fulogi, sai a bar shi ya kwance kafireta ya hure ta ya mayar. Kafin a ba shi ya buɗe inji ya canza ring da fistin, ya yi shekaru yana kallon hannun maigida. Ranar da maigida ya tafi ɗaurin aure ya bar masa rumfa, aka kawo aiki ya yi, mai injin bai dawo da ƙorafi ba, ya ci jarrabawarsa. Albashi babu, sai kuɗin abinci da na sabulu, da ɗan abin da masu kawo gyara ke miƙa masa.

Wannan tsari yana yin abubuwan da cibiya ba ta iya yi. Yana ciyar da ɗalibi, yana koya masa a kan aikin da mai shi ke tsaye yana jira, yana kuma sanar da shi masu kawo aiki, ta yadda ranar da aka sallame shi yana da mutanensa. Rauninsa ma a fili yake. Maigida ba ya koyar da abin da bai sani ba, kuma da yawansu da ƙiyasi suke aiki, ba da awo ba. Koyon ba shi da ranar ƙarewa. Sunan gwani kuma ba ya wuce inda aka san maigidansa: wanda duk Rurum ta yarda da hannunsa, in ya sauka a Abuja yaron shago ne, sai ya sake farawa daga miƙo sifana.

Yadda hukuma ta shigo

Tun makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 akwai sashen sana'o'in hannu. Daga baya Ma'aikatar Ƙwadago ta kawo gwajin sana'a mai daraja uku, da ofisoshin rajistar masu neman aiki. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda ke karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da kamfanoni ke biya. A 1977 aka kafa hukumar ilimin fasaha ta NBTE a Kaduna, a shekarar ce kuma Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ƙarƙashin hukuma ta musamman, wadda daga baya aka haɗa mata kwalejojin fasaha irin na Wudil da Bagauda. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci a 1980. Hukumar jarrabawar fasaha ta NABTEB ta zo a 1992.

Kusan duk waɗannan, in aka cire yaƙi da jahilci, mutum ɗaya suke hange: wanda zai gama makaranta ya ɗauki takarda ya nufi masana'antun Bompai ko Sharada ko Challawa, ko ma'aikatar ayyuka, a ɗauke shi da albashin wata. A shekarun 1970 wannan hange ba wauta ba ne, domin masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa suna ɗaukar dubban mutane. Amma tun a lokacin bai shafi mafi yawan mutanen Kibiya ba. Mai walda a ƙauye ba ya biyan ITF, ITF ma ba domin shi aka gina ta ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya so ya kai sana'a kowace ƙaramar sakandare, sai dai an san yadda kayan koyarwa da aka shigo da su suka lalace a cikin akwatuna a makarantu da dama, saboda babu wuta, babu malamin da ya iya harhaɗa su.

Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida. Darajar naira ta faɗi, masana'antun Kano suka fara ja da baya, a ƙarshen shekarar kuma aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE. A ganina, daga cikin duk abin da gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro a wannan fage, shirin NDE na tura matasa wurin masu sana'a shi ya fi kusa da gaskiyar ƙasa. Maimakon gina aji, sai a kai yaro wurin maigida, a ba maigida ɗan ihsani, a ba yaro kuɗin mota. Har da motocin koyarwa masu yawo zuwa ƙauyuka. Abin da ya rage masa ƙarfi shi ne shiri ne da ake juya shi daga nesa, da alawus ɗin da hauhawar farashi ke cinyewa, kuma ba a ɗora shi a kan wata ma'auni da za ta bambanta maigidan da ya koyar da wanda ya sa hannu a takarda kawai. Shirye-shiryen da suka biyo baya, NAPEP a 2001 da SURE-P a 2012, sun fi karkata ga rabon kaya da alawus.

Zamanin cibiyoyi

Jiha ta shiga fagen da ƙarfi ne a zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015, lokacin da aka buɗe cibiyoyin koyar da sana'a sama da 20, aka kuma gina wuraren ɗinki na zamani da nufin kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ta sami ɗaya. Abin lura ga wannan nazari shi ne inda aka ajiye da yawa daga cikin cibiyoyin: ta noman rani a Kadawa, ta kiwon kifi da ta dabbobi a Bagauda, ta fim a Tiga, ta kwamfuta a Kura, ta wasanni a Karfi, ta gyaran hali a Kiru. Yawancinsu a kewayen Rano suke. Matashin Rano ba zai ce nisa ne ya hana shi ba. Tunanin da ke bayansu ma, musamman ta Kadawa da ta Bagauda, daidai ne: a koyar da abin da ƙasar wurin take ci da shi.

Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗauki wata hanyar. Ta tura matasa kamfanin haɗa motoci na PAN a Kaduna domin koyon kanikancin zamani, ta kuma gina katafariyar cibiya mai sunan Aliko Dangote a kan hanyar Zariya, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, wata huɗu kafin gwamnatin ta sauka. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf da ta hau a Mayun 2023 ta ce ta tarar da yawancin cibiyoyin Kwankwaso a rufe, ta kuma shiga sake buɗe su.

Ba aikin wannan nazari ba ne ya raba gardamar wa ya rufe, wa ya buɗe. 'Yan siyasa sun ishi kansu a kan wannan. Abin da jerin shekarun ke nunawa shi ne cibiyar koyar da sana'a a Kano ta fi zama alamar gwamna fiye da zama ma'aikatar jiha. Asibiti ko sakandare ba a rufe su don an yi zaɓe, saboda suna da ma'aikata na dindindin da layi a kasafi da jama'ar da za su yi ihu. Cibiyar da ke ɗaukar ɗalibai rukuni-rukuni, sai an saki kuɗin ciyarwa da na kayan aiki sannan a kira rukuni na gaba, rufe ta ba ya buƙatar sanarwa: a daina sakin kuɗi kawai. Kuma abin da ya fi saurin salwanta ba ginin ba ne. Malamin da ya ƙware yana kama gabansa, wanda ya san tsofaffin ɗalibai da inda suke yana barin wurin, rajista tana ɓacewa. Duk sake buɗewa farawa ce daga farko.

Akwai kuma matsalar ma'auni. Ranar yaye ita ce ranar da tsarin ke nuna kansa: rumfuna, kujerun roba, kekunan ɗinki a jere da ledarsu, injinan taliya, akwatunan kayan aski, ambulan ɗin jari. Ana kiran suna, ana ɗaukar hoto. Kowa ya san a wasu lokuta akwai masu saye da ke jira a bayan fili, kuma wanda ya sayar da kekensa ba lalle ne malalaci ba. Idan an yaye tela hamsin a garin da telolinsa na da suke zaman jiran sallah, lissafin mai sayarwa ya fi na mai rabawa daidai. An zaɓi ɗinki da aski da haɗa sabulu ne saboda suna da arhar koyarwa, suna ƙarewa cikin makonni, kayansu kuma suna da kyan gani a hoto. Ba a zaɓe su don wani ya zagaya kasuwa ya ga hannun da aka rasa ba. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗanda su ne suka fi isa ƙauye, sun fi kowa faɗawa wannan rami.

Inda aikin yake

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ita ta haifi shirin noman rani na Kogin Kano, wanda kashinsa na farko aka tsara shi a kan kadada kusan 22,000, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da tumatir da alkama da masara da albasa da ake nomawa a nan suna jan dogon jerin sana'o'i a bayansu: gyaran injin ban-ruwa da ƙaramar motar huɗa, tuƙi da gyaran injin girbi da na casa, haƙa rijiyar burtsatse, feshi, turara shinkafa da gyaranta, shanya kauɗar tumatir, saƙa kwando, lodi da dako zuwa kasuwar Kwanar Gafan. A nan ne ake neman hannu, a nan ne kuma kuskuren wanda bai ƙware ba ke da tsada. Mai feshin da bai san awon magani ba yana ƙona gona, yana kuma cutar da ƙirjinsa.

Abin da ya faru bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya isa misali. Manoman rani da dama sun juya injinansu suka koma aiki da gas ɗin girki, masu hali kuma suka koma famfo mai aiki da hasken rana. Cikin ɗan lokaci aka sami sabuwar sana'a: canza kafireta, ɗaura tiyo, haɗa faranti da na'urar da ke daidaita wuta. Makanikai sun koya ne daga juna da kuma bidiyon waya, da gwaji da ɓarna. Rumfa ta riga manhaja, kamar kullum. Amma a nan ne ma aka ga iyakar rumfa, domin gas da lantarki ba sa yafe ƙiyasi. Kwas na mako biyu ga masu rumfa da kansu, a kan awo da kariya, zai ratsa zuwa yaran da ke ƙarƙashinsu duka, ya kuma fi yaye sabbin mutum ɗari a sana'ar da ta riga ta cika.

Masu fatan babban kamfani ya zo ya kwashe matasa sai su dubi Kadawa. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a 2016 an gina ta ne don sarrafa tan 1,200 a rana, sai ga tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye amfanin waccan shekarar, daga baya kuma rashin isasshen tumatir da saɓanin farashi da manoma suka sa ta yi ta tsayawa tana tashi. Ko da tana aiki yadda ake so, aikin kaka ne, na 'yan watanni.

A Kibiya lissafin na kalanda ne. Daga saukar ruwa zuwa girbin dawa da gyaɗa da wake, babu hannun da ke zaune. Daga Disamba zuwa Mayu kuwa sai ci-rani: wasu gonakin Kadawa da Kura, wasu birni, wasu Abuja da Legas da Fatakwal. Duk kwas ɗin da aka sa farkonsa a Yuni don a lokacin ne kuɗi suka fito, da gonar gandu yake takara, kuma gona ce za ta ci. Wannan ƙaramar magana ce, amma tana nuna wanda aka yi tsarin dominsa.

Alƙaluman ƙasa ma suna tabbatar da haka ta wata fuska. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1 a farkon 2023, tare da nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki ba a ƙarƙashin kamfani ko gwamnati suke ba. An yi ta yi wa sabon adadin dariya, amma yana faɗin wata gaskiya game da wuri irin Kibiya: kusan babu wanda ba ya yin komai. Matsalar ita ce aikin ba ya kawo abin kirki, kuma rabin shekara ne. Ofishin da aka tsara don rajistar marasa aiki ba shi da gurbin da zai rubuta irin wannan mutum.

Wa ya tsaya masa?

Idan ana so a san yadda ake samun aiki a zahiri, sai a saurari tambayar da mai shago a Kantin Kwari ko mai gidan mai ke yi idan aka kawo masa yaro: "Ɗan wane ne? Wa ya tsaya masa?" Ba ya tambayar takarda. Abin da yake saye amana ce, domin zai bar wa yaron kuɗi da kaya. Ɗan garin da ya riga ya zauna a Legas shi ke bugo waya a turo masa mutum biyu. Shugaban 'yan ƙwadago shi ke tara masu dashen shinkafa da asuba ya yi ciniki da mai gona. Ɗan kamasho a tasha ya san motar da ke neman yaro. Wannan hanya tana aiki, da sauri kuma, amma tana da ƙofa: wanda ba shi da kowa, maraya ko almajirin da ya girma nesa da gida ko ɗan gidan da ba a sani ba, a waje yake tsayawa komai ƙwarewarsa.

Abin da hukuma ta kawo a madadin haka shi ne fom. Shirin N-Power da aka fara a 2016, mai alawus na naira 30,000 a wata ga masu digiri da NCE, ta intanet ake nemansa, kuma ya taimaki makarantun firamare na karkara da malamai na ɗan lokaci. Da wa'adi ya cika, yawancinsu sun koma inda suka fito. Shirin ayyuka 774,000 da aka fara a farkon 2021 ta hannun NDE ya ware mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. A takarda, naira miliyan 120 ke nan ga Rano da Kibiya a haɗe. Kuɗin sun rage wa mutane zafi, ba a musu. Amma share kwata na wata uku ba ya barin sana'a a hannu, kuma da yake kwamiti ne ke tsara suna, tambayar "wa ya tsaya masa" ba ta gushe ba, mai tsayawar ne kawai ya koma ɗan siyasa. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da shafin sada masu neman aiki da kamfanoni, NELEX, sai dai mai gonar shinkafa da ke neman direban injin girbi gobe da safe ba can zai duba ba.

Abin da bincike ya nuna, da abin da bai warware ba

A 2017 masanin tattalin arziki na Bankin Duniya David McKenzie ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, ya gano cewa a cikin kowane mutum 100 da aka ba horon sana'a, waɗanda suka sami aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba, ba su kai 3 ba. Wannan ya kamata ya sanyaya gwiwar duk mai ƙirga nasara da yawan waɗanda aka yaye. Wani gwaji da Oriana Bandiera da abokan aikinta suka yi a Yuganda, wanda aka buga a 2020, ya kwatanta matasan da aka kai makarantar sana'a ta wata shida da waɗanda aka kai wurin masu sana'a. Duka sun koyi aiki, amma da tafiya ta yi nisa 'yan makarantar suka wuce, saboda suna da shaidar da za su nuna wa sabon maigida idan aikin farko ya ƙare. Darasin ga Rano ba shi ne a bar rumfa a koma aji ba, tunda aji ba zai taɓa ɗaukar yawan da rumfa ke ɗauka ba. Abin da rumfa ta rasa shi ne takardar da za ta yi tafiya.

An fara gwada wannan. Shirin Mafita, da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, ya horar da masu sana'a kan yadda ake koyarwa, ya tura musu matasa, ciki har da almajirai da 'yan mata, ya kuma haɗa koyon da jarrabawar shaida. NBTE tana da matakan shaidar ƙwarewa na ƙasa waɗanda ke ba da damar a gwada mutum a kan abin da ya riga ya iya, kuma an yi aiki da masu sana'ar Panteka a Kaduna ta wannan hanya. Kano na cikin jihohi shida da shirin IDEAS na Bankin Duniya ya shafa. A Nijar ma akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyo a wurin masu sana'a, da cibiyoyin koyon sana'a a matakin gundumomi. Sai dai shirin da kuɗin waje ke riƙe da shi yana da ciwon cibiyar gwamna: wa'adi na cika, ma'aikata na watsewa.

Akwai suka mai ƙarfi da ya wajaba a saurara. Binciken McKenzie ɗin nan ya nuna cewa ofisoshin sada mutane da aiki ma tasirinsu kaɗan ne, domin sadarwa ba ta ƙirƙirar gurbin da babu shi. Shi ne kuma ya bibiyi gasar YouWiN ta 2011 a Nijeriya, ya ga jari mai kauri da aka ba 'yan kasuwa ƙalilan ya samar da ayyuka masu ɗorewa. Wato mai walda a Kibiya da ke ƙona ribarsa a janareta, ba shaida ce za ta sa ya ɗauki yara uku ba. Wuta ce da jari da kwangila. Na yarda da wannan suka, kuma ita ce ta sa nake ganin sayayyar gwamnati ta fi rabon kaya amfani. Jihar da ke raba wa 'yan firamare kayan makaranta kyauta, take sayen benci da tagogi da ƙofofi, tana da kasuwar da za ta iya ba telolin Kibiya da kafintocin Rano, da sharaɗin kowane ya riƙe yara masu rajista. Ga mata wannan ya fi muhimmanci, domin yawancinsu a cikin gida suke sana'a, kuma abin da ke tsayar da su ba iyawa ba ne, mai saye ne da zai ɗauka da yawa a kan lokaci.

Wurin da ya fi wuya shi ne maigida da kansa. Yaron da ya ƙware shi ne ribar shekarun da aka yi ana ciyar da shi yana ɓata kaya, kuma ranar da ya sami takardar da za ta kai shi Abuja, ko ta buɗe masa rumfa a tsallaken titi, maigida ya yi asarar hannunsa na dama ya kuma sami kishiya. Duk tsarin da ya nemi maigida ya kai yaronsa jarrabawa ba tare da ya biya shi wannan asara ba, zai sami sunaye a takarda, yaran kuma su ci gaba da zama. A Jamus ƙungiyoyin masu sana'a ne ke riƙe da rajistar masu koyo, su ke shirya jarrabawa, ƙarƙashin doka tun 1969, shi ya sa babu maigidan da ke jin shi kaɗai ake cuta. A Rano da Kibiya ma akwai ƙungiyoyin teloli da na makanikai da na masu walda, akwai kuma sarautun sana'a a fada, sai dai hukuma ta fi tunawa da su idan za a cika rumfa ranar taro. Su ne suka san wa ke koyarwa da gaske, wa ya sallami yara nawa, ina yaran suke. Reshen kwalejin da ke Rano yana da malamai da ɗaliban da za su iya yin gwajin da bin sawun waɗanda aka yaye shekara bayan shekara, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi, in an aiwatar da shi, zai sa sakatariyar Kibiya ta iya biyan maigida wani abu a kan kowane yaro da ya ci gwajin, maimakon a kan kowane suna da ya rubuta.